Kuɗin Ƙananan Hukumomi: Me Hukuncin Kotun Ƙoli Ya Canza a Karkarar Kano da Jigawa?

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da gidajen rediyo suka yaɗa labarin cewa Kotun Ƙoli ta bai wa ƙananan hukumomi 'yancin cin gashin kansu, maganar ba ta bar bakin mutane ba a majalisun ƙauyukan Kano da Jigawa. Wasu sun ɗauka daga ranar ciyaman ya fita daga hannun gwamna. Wasu sun fahimci an ƙara wa ƙananan hukumomi kuɗi ne. Tsofaffin malaman firamare kuwa gabansu ya faɗi, domin sun tuna abin da ya same su a farkon shekarun 1990. Shekara ta zagayo, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kokawa cewa ba a fara tura kuɗin kai tsaye ba. Mutumin Garun Malam da na Gwiwa suna da hakkin su tambaya: to wane 'yanci aka ce an bayar?

Hukuncin bai ƙara wa kowace ƙaramar hukuma ko sisi ba. Hanyar da kuɗin ke bi ya taɓa, da sharaɗin wanda zai karɓe su. Sauran igiyoyin da suka ɗaure ƙaramar hukuma da gidan gwamnatin jiha suna nan, kuma wasu daga cikinsu sun girmi kundin tsarin mulkin da ake gardama a kansa.

Abin da kotu ta ce

Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, shi ya kai ƙarar jihohi 36. Alƙalai bakwai suka saurara, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin. Kotu ta ce daga yanzu kason ƙananan hukumomi 774 da ke fitowa daga asusun tarayya a zuba shi kai tsaye a asusun kowacce, kada ya biya ta hannun jiha. Ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisar ƙaramar hukuma ya naɗa kantoma ko kwamitin riƙo. Ta ƙara da cewa ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓun shugabanni ke riƙe da ita ba, kada a sakar mata kuɗi.

Batun kantomomi ba sabo ba ne a wurin kotun. A watan Mayun 2021 ta yanke cewa rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi da aka yi a Katsina da Oyo ya saɓa doka. Bambancin wannan karon shi ne an haɗa haramcin da kuɗi. Gwamnan da ya ƙi yin zaɓe, kuɗin ƙananan hukumominsa ne za su tsaya. Shi ya sa jihohin da ke da kwamitocin riƙo a lokacin, har da Kano, suka shiga gaggawar shirya zaɓe kafin ƙarshen shekarar.

Asusun haɗin gwiwa

Kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗin da tarayya ta tara. A tsarin rabon da ake aiki da shi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. A harajin kayan saye na VAT kuma kason ƙananan hukumomi 35 ne cikin ɗari. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, kuma kowacce akwai adadin da ake rubutawa da sunanta.

Rubutawa da sunanta daban, shiga hannunta daban. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a bai wa jiha kuɗin domin amfanin ƙananan hukumominta, kuma kowace jiha ta buɗe asusu na musamman, wanda aka fi sani da asusun haɗin gwiwa, a riƙa zuba su ciki. Majalisar dokokin jiha ce ke tsara yadda za a raba. A niyyar waɗanda suka rubuta sashen, ita ma jiha za ta zuba wani kaso na kuɗin shigarta a asusun, ya zama ƙari ga ƙananan hukumomi. A aikace, asusun ya zama wurin da ake cire-cire kafin raba saura: albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarautu, kuɗin horar da ma'aikata, da kuɗin abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Wasu daga cikin waɗannan nauyi ne na gaske da dole a biya ko ta wace hanya kuɗin suka zo. Na ƙarshen ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce, domin a nan ne gwamna ke zaɓar aiki, ya zaɓi ɗan kwangila, a biya da kuɗin ƙaramar hukuma.

Mutanen Kano sun san misalin titunan kilomita biyar da aka fara a hedikwatocin ƙananan hukumomi a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu. Masu yabon shirin suna cewa babu ciyaman ɗin da zai iya shimfiɗa tagwayen titi da fitilu shi kaɗai. Masu suka suna cewa da an tambayi mutanen ƙauyukan da ke nesa da hedikwata, wataƙila hanyar burji zuwa kasuwa ko rijiyoyin burtsatse za su zaɓa, kuma ga shi da dama daga titunan sun daɗe ba a kammala ba bayan canjin gwamnati. Gardamar asusun haɗin gwiwa gaba ɗayanta tana cikin wannan misali.

Daga En'e zuwa sakatariya

Wanda bai san En'e ba zai yi wuya ya gane me ya sa dattawa ke cewa hukumar gargajiya ta dā ta fi ƙaramar hukumar yau ƙarfi, alhali su ɗin dai ba sa fatan ta dawo.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, suka ci Haɗejiya a 1906, sun bar tsarin sarauta suka yi mulki ta hannun sarakuna. Hakiman da a dā suke zaune a birni suna aika jakadu karɓar haraji, aka tura su su zauna a gundumominsu. Ƙarƙashin hakimi akwai dagaci, ƙarƙashinsa mai unguwa, ko bulama a wajajen Haɗejiya da Gumel. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Haraji da jangali da aka tara, wani kaso ya tafi ga gwamnatin Turawa, saura ya zauna a baitulmalin En'e.

En'e hukuma ce cikakkiya. Tana da 'yan doka, kotunan alƙalai, gidan yari, makarantun elementare, ɗakunan shan magani, malaman gona da na daji. En'en Kano ita ce mafi arziki a Arewa, har da kuɗinta aka kawo ruwan famfo da lantarki birnin Kano a farkon shekarun 1930. Sai dai kuɗin nan daga gumin manoman gyaɗa na karkara da Fulani makiyaya suka fito, kuma manyan ayyukan a birni aka zuba su. Wanda ya biya harajin ba shi da bakin tambaya. Wanda ya gaza biya kan sha ɗauri ko wulaƙanci a ƙofar dagaci, wasu ma ƙaura suke yi.

A kan wannan jam'iyyar NEPU ta taso a Kano a watan Agustan 1950, kuma a shekarar ce Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyara tsarin En'e a majalisar Arewa. Malam Aminu Kano da mutanensa sun sha ɗauri a kotunan En'e saboda neman a bai wa talaka murya. Ita ma gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna ba ta so En'e ta fi ƙarfinta ba. Binciken kuɗin En'en Kano da aka yi shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya a 1963. Ja-in-ja tsakanin hukumar da ke kusa da jama'a da gwamnatin da ke samanta a kan kuɗi ya faro tun wancan zamani.

Soja suka zo, aka ƙirƙiri jihohi 12 a watan Mayun 1967, Kano ta zama jiha ƙarƙashin Audu Baƙo. A 'yan shekarun da suka biyo baya aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Babban sauyin ya zo a 1976, lokacin mulkin Obasanjo, inda aka yi wa ƙasar gaba ɗaya tsarin ƙaramar hukuma iri ɗaya, aka ayyana ta a matsayin mataki na uku na gwamnati, aka ba ta kaso daga kuɗin tarayya, aka mayar da sarakuna majalisar ba da shawara. Ƙananan hukumomi 301 aka yi a lokacin. Tsohuwar jihar Kano ta samu 20, cikinsu har da Haɗejiya, Gumel, Kazaure, Ringim, Dutse, Birnin Kudu, Jahun da Kafin Hausa, waɗanda suka koma Jigawa bayan kafa ta ranar 27 ga Agusta, 1991.

Sai 1979. Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya hau kujerar gwamnan Kano ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Talakawan karkara sun yi murnar da har yau ake ba da labarinta, kuma suna da dalili. Amma matakin ya zo da wani sakamako da ba a cika ambata ba. Haraji da jangali su ne ginshiƙin kuɗin shigar hukumar da ke ƙasa. Da suka tafi, abin da ya rage mata na kanta shi ne kuɗin rumfunan kasuwa, na tasha, na mayanka da 'yan lasisi. Daga nan ta dogara kacokan da kuɗin man fetur da ke zuwa daga sama. En'e tana da kuɗinta, talaka ba shi da iko a kanta. Ƙaramar hukumar da ta gaje ta tana da zaɓe a takarda, kuɗinta kuma a hannun wani suke. Ciyaman da ba ya buƙatar kuɗin manomi domin ya biya albashi, idonsa na kan wanda ke sakar masa kuɗin, shi kuma manomin da ba a karɓi komai a hannunsa ba bai cika jin kuɗin nasa ne ba balle ya bi sawunsu.

An taɓa gwada biyan kai tsaye

Wannan shi ne ɓangaren tarihin da masu murna da hukuncin suka fi tsallakewa. A jamhuriya ta biyu, gwamnoni a mafi yawan jihohi sun riƙe ƙananan hukumomi da kwamitocin riƙo, suka ƙirƙiri sababbi barkatai, har sai da gwamnatin Buhari ta soja ta mayar da su 301 a 1984. Babangida ya ɗauki hanyar da ta yi kama da ta yau: daga ƙarshen shekarun 1980 aka riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, aka ɗaga kasonsu daga kashi 10 zuwa 15, daga baya zuwa 20. Aka ƙara yawansu zuwa 589 a 1991, Abacha ya kai su 774 a 1996.

A 1991 aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin makarantun firamare gaba ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne watanni ba albashi a wurare da yawa, da yajin aiki, da malaman da suka watsar da alli suka koma gona ko kasuwa. A 1993 dole aka dawo da hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa, aka koma cire albashin malamai tun daga tushe. Shi ma wannan ya haifi tasa matsalar, domin wasu ƙananan hukumomi bayan an cire albashin malamai ba abin da ke rage musu. Wannan tarihi ne ya sa ƙungiyar malamai, NUT, ta daɗe tana cewa ba ta adawa da 'yancin ƙananan hukumomi, amma kada a mayar da albashin malaman firamare hannun ciyamomi.

An kuma yi wasu yunƙurin kafin a kai ga kotu. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar hana bankuna sakin kuɗi daga asusun haɗin gwiwa sai sun shiga asusun ƙaramar hukuma, ta kuma taƙaita cire tsabar kuɗi zuwa naira 500,000 a rana. Gwamnoni suka garzaya kotu. A gyaran kundin tsarin mulki na 2022 zuwa 2023, Majalisar Tarayya ta amince a soke asusun, amma ƙudurin bai samu goyon bayan majalisun jihohi 24 da ake buƙata ba. A wannan zagayen ne dai aka amince da sauya sunan ƙaramar hukumar Kunchi zuwa Ghari, domin sunayen ƙananan hukumomi a cikin kundin suke, ko suna ba ya canzuwa sai da gyaransa.

Hujjar kowane ɓangare

Gwamnatin tarayya da NULGE da ƙungiyoyin farar hula suna cewa sashe na 7 na kundin ya tabbatar da zaɓaɓɓiyar ƙaramar hukuma, kuma zaɓe ba shi da ma'ana idan wanda aka zaɓa sai ya rubuta takardar neman izini zuwa ma'aikatar ƙananan hukumomi kafin ya gyara kwalbati. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kansilan da ke kwana a Guri ko Kirikasamma ya fi jami'in da ke Dutse sanin inda ciyawar kacala ta toshe kogi, da bakin jingar da za ta fara karyewa idan ruwa ya taso. Suna kuma nuni da cewa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin da ake rabawa kowane wata sun ƙaru sosai a lissafin naira, don haka abin da ake magana a kai ya fi na dā yawa.

Ɓangaren gwamnoni hujjarsu ta doka ba ƙarama ba ce. Sashe na 162 ya ambaci asusun haɗin gwiwa da sunansa, kuma har yau ba a goge shi ba. Kotu ta ce tunda jihohi sun mayar da hanyar abin riƙe kuɗin da ba nasu ba, manufar sashen, wato kuɗin su isa ga ƙananan hukumomi, ita ce abin bi. Lauyoyin da ba su gamsu ba suna cewa wannan aikin majalisa ne, kotu ta gyara kundi da bakinta. Akwai kuma masu cewa a tsarin tarayya na asali, kamar na Amurka, ƙananan hukumomi 'ya'yan jiha ne, gwamnatin tsakiya ba ta da hurumi a kansu. Masu ba su amsa suna kawo Brazil, wadda kundinta na 1988 ya sa ƙananan hukumomi cikin rukunan tarayya, ake tura musu kasonsu kai tsaye, da Indiya, wadda gyaran kundinta na 1992 ya wajabta zaɓen majalisun ƙauyuka duk shekara biyar, amma ta bar rabon kuɗinsu a hannun hukumomin jihohi. Kowane tsari akwai ƙasar da ke tafiya a kansa.

Hujjarsu ta aiki ita ce haɗa kuɗi wuri ɗaya na ba da damar a cike wa mai rauni. Gwamnan Anambra, Charles Soludo, ya sa hannu a wata doka a watan Oktoban 2024 da ta wajabta wa ƙananan hukumomin jiharsa mayar da wani kaso cikin asusu ɗaya domin albashi da fansho da makamantansu. Gwamnatin Jigawa kuma ta sha faɗin cewa ita tun kafin hukuncin tana sakar wa ƙananan hukumominta kuɗinsu, abin da ake cirewa shi ne wanda doka ta tanada.

Akwai damuwa ta uku da ba ta gwamnoni kaɗai ba ce. Idan famfon ya koma Abuja, wanda ke Abuja zai iya rufe shi. An gani a zamanin Obasanjo, lokacin da aka riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda gwamnan lokacin, Bola Tinubu, ya ƙirƙiri ƙarin 37, har Kotun Ƙoli ta ce a 2004 shugaban ƙasa ba shi da wannan iko. An sake gani a Osun a 2025, inda kuɗin suka maƙale ana jayayya kan wace jam'iyya ce ke da halastattun shugabanni. Ga jihar da gwamnanta ke jam'iyya daban da ta shugaban ƙasa, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne.

Wa ke zaɓar ciyaman

A nan ne hukuncin ya fi rauni, kuma ba laifin alƙalai ba ne, domin ba a kai musu wannan batu ba. Zaɓen ƙananan hukumomi ba INEC ke yi ba. Kowace jiha na da hukumar zaɓenta, KANSIEC a Kano, JISIEC a Jigawa, kuma gwamna ke naɗa shugabanninta da amincewar majalisar jiha. A Jigawa an yi zaɓe ranar 5 ga Oktoba, 2024, APC mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 27 duka. A Kano an yi ranar 26 ga watan, bayan kotun tarayya da ta jiha sun ba da umarni masu karo da juna, NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 duka da kansiloli 484. Kafin nan, a 2018 da 2021, APC ce ke mulkin Kano, ita ma 44 ɗin ta kwashe. Jam'iyya ta canza, sakamakon bai canza ba, kuma haka abin yake a kusan kowace jiha.

Ma'anar wannan ita ce ainihin zaɓen ana yin sa ne ranar da aka fitar da ɗan takarar jam'iyya mai mulki, kuma a gidan gwamnati ake yanke wannan. Ciyaman da ya san wanda ya ɗora shi, ko kuɗi sun faɗo asusunsa kai tsaye, in aka ce ya mayar da kaza domin aikin haɗin gwiwa zai yi wuya ya ce a'a. Ba ma sai an kai ga tsoratarwa ba. Manyan ma'aikatan sakatariya, irin su daraktan mulki da ma'aji, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke tura su tana ɗauke su. Babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi jami'in jiha ne. Majalisar jiha ce ke yin dokar da ta tsara wa'adin ciyaman da ayyukansa, kuma takan dakatar da shi idan aka kai ƙorafi. Duk waɗannan hukuncin bai taɓa su ba.

Masu neman a miƙa zaɓen ga INEC suna cewa ko ba komai za a samu 'yan adawa su ci wasu kujeru. Masu ƙin haka suna cewa tattara komai a Abuja shi ne ciwon da ake neman magani, kuma INEC ɗin ma ba ta tsira daga zargi ba. Ko wanne za a bi, sai an gyara kundi, kuma gyaran sai ya bi ta majalisun jihohin nan da suka ƙi amincewa a baya.

Abin da zai taɓa mutumin karkara

Kundin ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, kwashe shara, sannan ta sa hannu a ilimin firamare, lafiya da bunƙasa noma. Kusan duk abin da mutumin ƙauye ke nufi idan ya ce gwamnati, a nan yake.

Abu na farko da zai fito fili idan aka aiwatar da hukuncin sosai shi ne bambancin nauyin albashi. Babban kaso na rabon tsakanin ƙananan hukumomi daidai-wa-daida ake yin sa, sannan a duba yawan jama'a da faɗin ƙasa da sauransu. Amma ma'aikata ba daidai suke ba. Ƙaramar hukumar cikin birni ko ta tsohon gari mai makarantu da yawa tana ɗauke da malamai da 'yan fansho fiye da ta lungu. A tsarin haɗaka, rarar ta lungu ce ke cike giɓin ta birni. Idan kowa ya riƙe nasa, ƙaramar hukumar karkara za ta iya samun rarar da ba ta taɓa gani ba, mai nauyin albashi kuma ta shiga matsi, musamman bayan ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, wanda Kano ta kai 71,000. Sai dai rarar ta karkara ba alamar wadata ba ce. Sau da yawa albashinta ya yi kaɗan ne saboda makarantunta ba malamai, asibitocinta ba ungozoma. Ko rarar za ta tafi ɗaukar malamai da ma'aikatan jinya, ko za ta tafi naɗa mataimaka na musamman da rabon babura, wannan ya rage ga ciyaman da majalisarsa.

Malamai da ma'aikatan lafiya su ne suka fi zama cikin rashin tabbas. Hukumar SUBEB ta jiha ke tafiyar da makarantun firamare tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, hukumar lafiya matakin farko ta jiha ke kula da ƙananan asibitoci, amma kuɗin albashin daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. Hukuncin bai fayyace yadda za a ci gaba da wannan ba. Hanyar da ta fi yiwuwa ita ce kuɗin su shiga asusun ƙaramar hukuma, ita kuma ta tura na albashi bisa doka ko yarjejeniya. Wurin da za a sa ido shi ne abin da dokar jiha za ta lissafa cikin abubuwan da dole a tura. Idan albashi da fansho ne kawai, hukuncin ya yi aiki. Idan aka cusa ayyukan haɗin gwiwa ba iyaka, asusun haɗin gwiwa ya dawo da sabon suna.

'Yan kasuwa ma akwai nasu. Kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ta Wudil ranar Juma'a, ta Gujungu da ta Dambatta ranar Lahadi, wurare ne da ake karɓar kuɗin shiga masu yawa. Ciyaman da ke son ƙarin kuɗin da ba sai ya jira Abuja ba, nan zai fara duba. Hakan zai iya zama alheri idan rasit na gaske ake bayarwa, kuma aka ga shinge da ruwa da makewayi a kasuwar. Zai iya zama ƙarin shingayen karɓar kuɗi a kan hanya, wanda a ƙarshe farashin buhu da na akuya ke ɗauka.

Masarautu kuwa, na Jigawa guda biyar da na Kano, wani kaso na kuɗin tafiyar da su daga ƙananan hukumomi ake cirewa. Hakimai da dagatai har yau su ake nema idan rikicin manoma da makiyaya ya taso ko za a yi rigakafi, don haka yadda za a ci gaba da ɗaukar nauyinsu na cikin abubuwan da dokokin jihohi za su warware.

Akwai wani sauyi da bai dogara da yardar gwamna ba. Sashe na 308 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu kariya daga gurfana a kotu suna kan mulki, bai ba ciyaman ba. A dā ciyaman na iya cewa kuɗin ba su iso gare shi ba. Ranar da suka fara shiga asusunsa da sunansa, wannan uzuri ya faɗi, kuma duk abin da ya sa wa hannu, ko da umarnin wani ne, shi EFCC ko ICPC za su tambaya.

Inda aiwatarwa ta tsaya

Bayan hukuncin an kafa kwamiti ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, George Akume, aka kuma ɗaga wa jihohi ƙafa na wata uku su yi zaɓe. Daga nan aka ce kowace ƙaramar hukuma ta buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, aka gindaya sharuɗɗa, ciki har da kawo rahoton binciken kuɗi na shekarun baya. Nan tafiyar ta yi nauyi. Gwamnatin tarayyar da ta ci shari'ar tana buƙatar gwamnoni a siyasance, ciyamomin da ya kamata su matsa a biya su kuma yawancinsu yaran gwamnonin ne.

Adadin da ake ware wa kowace ƙaramar hukuma ba sirri ba ne. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa rabon kowane wata, jiha-jiha, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kuma mai waya da intanet a Ɓaɓura ko Tudun Wada zai iya dubawa. Abin da ba a cika wallafawa ba shi ne nawa aka cire, nawa ya isa sakatariya, da kasafin da kansiloli suka amince da shi. Jigawa na da mazaɓu 287, Kano 484, kowacce da kansilanta, kuma shi ne wanda doka ta zaunar a majalisar da ke amincewa da wannan kasafi.